Tazarar Haihuwa da Gwajin Bakin Mahaifa a Asibitin Likitan Iyali a Ingila: Bitar Wata Mai Zuwa Asibitin

Asibitin da zan yi bitarsa ƙaramin asibitin unguwa ne a birnin Mancesta, irin wanda kowane mazaunin Ingila yake yin rajista da shi, kuma daga nan ne ake tura mutum babban asibiti idan lalurarsa ta fi ƙarfin likitan iyali. Ba zan ambaci sunansa ba, domin akwai wuraren da zan kushe shi, kuma a sanina yawancin abin da zan faɗa ya shafi takwarorinsa da dama. Hidimomi biyu kawai zan duba, wato shawara kan hanyoyin tazarar haihuwa da gwajin bakin mahaifa da ake yi don a tari sankara tun ba ta kama ba, saboda su ne na ga matanmu da suka zo karatu ko suka biyo mazajensu suna jan ƙafa a kansu, wasu don kunya, wasu don zaton cewa za a caje su kuɗi mai yawa.

Batun kuɗi shi ne mafi sauƙin warwarewa. Rajista da likitan iyali kyauta ce a Ingila, kuma ƙa'ida ba ta ce sai an nuna takardar izinin zama ko shaidar adireshi ba, ko da yake wasu masu karɓar baƙi suna tambaya kamar wajibi ne. Hukumar lafiya ta NHS tana bayar da hanyoyin tazarar haihuwa kyauta tun 1974, kuma kuɗin da ake biya a kan kowane magani da likita ya rubuta, fam 9.90 a yanzu, bai shafi ƙwayoyin hana ɗaukar ciki ba. Gwajin bakin mahaifa ma ba a biyan ko kwabo.

Inda wahalar take shi ne ƙofar shiga. A wannan asibiti, wadda take son ganin likita a ranar dole ta buga waya da ƙarfe takwas na safe, daidai lokacin da uwa take fama da shirya yara zuwa makaranta, kuma sau da yawa kafin layi ya zo kanta gurabe sun cika. An ƙara hanyar cika fom ta intanet, wadda ta rage cunkoson, amma fom ɗin yana da tsawo, da Turanci yake, kuma yana neman mace ta rubuta lalurarta da hannunta. Mai karɓar baƙi kuma takan tambayi dalilin zuwa da murya sama, a ɗakin jira mai cike da maza da mata. Na fahimci cewa tana tambaya ne don ta san ko likita za ta haɗa ki da shi ko nas, sai dai macen da ta taso a gidan da ba a furta irin wannan magana ko a gaban uwa za ta gwammace ta juya ta koma gida. Maganin abin shi ne a ce mata magana ce ta sirri kuma ana son ganin nas mace. Ba ta da ikon matsawa bayan haka. Da asibitin ya manna wannan bayani a jikin kantar karɓar baƙi, da ya taimaki mutane da yawa.

Da zarar an wuce wannan mataki, hidimar takan canza fuska gaba ɗaya, kuma a nan ne asibitin ya cancanci yabo. Yawancin aikin tazarar haihuwa nas ce take yin sa, ba likita ba, kuma lokacinta ya fi minti goman da aka saba ba likita. Kafin ta ambaci sunan kowane magani sai da ta auna hawan jinina da nauyina, ta tambaye ni ko ina shan taba, ko ina fama da ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko an taɓa samun daskarewar jini a jijiya a wurina ko a danginmu na kusa, ko ina shayarwa, ko ina da sikila, da kuma irin magungunan da nake sha. Tambayoyin ba na cika takarda ba ne. Ƙwayar da ta haɗa sinadarai biyu, wadda ake sha kwana 21 a huta 7, ba ta dace da mai irin wancan ciwon kai ba, ko mai shan taba da ta kai shekara 35, ko wadda ta taɓa samun daskarewar jini, kuma ba a ba mai shayarwa ita kafin mako shida da haihuwa. Haka nan wasu magungunan farfaɗiya da maganin tarin fuka mai suna rifampicin suna rage ƙarfin ƙwayoyi da na ashanar da ake sa wa a damtse. Duk wanda ya san yadda ake sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis a gida, a miƙa kuɗi a karɓa ba tare da an auna komai ba, zai gane darajar wannan ɗan bincike.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne yadda ta bambanta tsakanin ƙarfin hanya a takarda da ƙarfinta a hannun mutane. Ƙwaya, idan ana shan ta daidai kullum, ta haura kashi 99 cikin ɗari wajen hana ɗaukar ciki, amma a yadda mata suke shan ta a zahiri, da mantuwa da tafiye-tafiye da amai, takan sauko zuwa kusan kashi 91. Kwaroron roba yakan sauko daga 98 zuwa kusan 82, allura kuwa kusan 94 saboda masu makara wajen komawa. Ashanar damtse da robar da ake sa wa a cikin mahaifa su ne ba sa sauka daga sama da 99, don ba su dogara da tunawar kowa ba. Wannan bayani ya fi kowace takardar talla amfani, domin ya mayar da tambayar daga wace hanya ce ta fi kyau zuwa wace hanya ce mace za ta iya riƙewa da irin rayuwar da take yi.

Hanyoyin da asibitin yake bayarwa a cikin gininsa su ne ƙwayoyi iri biyu, da filastar da ake mannawa a fata ana canzawa duk mako, da zoben roba da mace take sa wa a gabanta, da allurar Depo-Provera da ake yi duk mako 13, da 'yar'uwarta Sayana Press wadda ake koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida, da ashanar Nexplanon wadda aka ce mini tana aiki shekara 3, sai robar mahaifa mai jan ƙarfe mai shekara 5 ko 10, da mai sinadari irin Mirena wadda aka tsawaita wa'adinta zuwa shekara 8 a 2024. Nas ɗin ba ta ɓoye aibin kowace ba. Ta ce allura tana iya ƙara ƙiba, tana ɗan rage ƙarfin ƙashi muddin ana yin ta, kuma bayan an daina haihuwa tana iya jinkirin dawowa har shekara guda, don haka ba ita ce ta dace da wadda take son tazarar wata goma sha biyu kacal ba. Ashana da roba kuwa ana cire su haihuwa take dawowa. Wannan magana ta ƙarshe na so a ce kowace mace ta ji ta daga bakin ma'aikaciyar lafiya, saboda tsoron cewa waɗannan abubuwa suna kashe mahaifa har abada yana nan daram a tsakaninmu.

Ga mai jego akwai bayani na musamman da akan yi a dubawar da likita yake yi tsakanin mako shida zuwa takwas bayan haihuwa. Mace tana iya ɗaukar ciki tun daga kwana 21 bayan ta sauka, wato tun ba a yi arba'in ba, kuma shayarwa tana kare ta ne kawai idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma ta nan ne kwanika take shigowa gidaje da yawa. Likitocin Ingila suna ba da shawarar a bar aƙalla shekara guda tsakanin haihuwa da sabon ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shekara biyu take cewa, wanda ya yi daidai da tsawon shayarwar da iyayenmu suka sani.

Yanzu ga gibin da na fi jin zafinsa, kuma shi ne dalilin da ya sa na ga bitar ta cancanci rubutawa. Kusan duk hanyoyin da suke da sinadari suna taɓa jinin al'ada. Da ashanar damtse, kusan mace ɗaya cikin biyar takan daina ganin jini, wasu kuma su riƙa ganinsa kaɗan-kaɗan ba tsari, wani lokaci na tsawon makonni. Allura takan fara da rikici, daga baya jinin ya ɗauke wa mata da yawa. Robar mahaifa mai sinadari takan kawo ɗigo a watanni uku zuwa shida na farko sannan jinin ya ragu sosai, mai jan ƙarfe kuwa ba ta hana al'ada zuwa a lokacinta amma takan ƙara yawan jinin da kwanakinsa da ciwon mara. A wurin nas ɗin, ɗigon jini ƙaramar matsala ce da ba ta da illa ga lafiya, kuma ta fuskar likitanci gaskiyarta ne. A wurin Musulma kuwa kowane ɗigo tambaya ce: haila ce ko istihala, za ta yi salla ko za ta dakata, azumin yau ya inganta ko sai an rama, wanka ya wajaba ko alwala ta isa. Matar da take shirin Umara ko aikin Hajji, ko wadda Ramadan ya rage mata wata guda, tana bukatar ta san wannan kafin a sa mata wani abu a jiki, ba bayan an sa ba. A asibitin da ke unguwa mai Musulmi da yawa na yi tsammanin za su ɗago maganar da kansu, amma sai da na ɗago ta. Adalci ne in ce da na yi bayani ta saurara da kyau, ta sake jera hanyoyin bisa yadda kowace take shafar jini, ta kuma ce idan ɗigon ashana ya dami mace akwai maganin da likita yake iya ƙarawa na ɗan lokaci don ya daidaita shi. Hukuncin ibada ba aikinta ba ne, wannan na malamai ne, amma bayanin da mace za ta kai wa malami daga wurinta yake fitowa. Shawarata ga duk mai zuwa ita ce ta fara da wannan tambaya tun kafin a kai ga maganar ƙiba ko ƙuraje.

Ni dai robar mahaifa mai sinadari na zaɓa, saboda jinin al'adata yana da yawa, kuma ƙarin mahaifa da nake da shi, wato tsiron da ake kira fibroid, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, ya sa mai jan ƙarfe ba za ta yi mini daɗi ba. A nan ma asibitin ya gaza ta wani gefe, domin likita ɗaya ce tak take sa roba, a rana guda cikin mako, kuma jerin masu jira yana da tsawo. Sun ba ni ƙwayar desogestrel in riƙa sha kafin lokacin ya zo, wadda take da sassaucin awa 12 idan an makara, sun kuma gaya mini cewa asibitocin da ke kula da lafiyar saduwa a cikin gari suna sa roba kyauta ba tare da takardar likita ba. Sa robar kanta ba ta wuce 'yan mintoci ba, amma tana da zafi, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa ba ta da shi ba. Likitar ta yi mini tayin maganin kashe zafi na bakin mahaifa, ta ce in na ce a tsaya za ta tsaya, kuma ta faɗi haɗarin a fili: robar takan fito da kanta ga kusan mace ɗaya cikin 20, yawanci a watannin farko, hudawar mahaifa kuwa ba ta wuce biyu cikin dubu ba. Ba a nemi sa hannun maigida ba, domin dokar ƙasar ta bar wa mace wannan hukunci, kuma ba sa gaya wa kowa abin da aka tattauna. Mu mun riga mun yi shawara a gida, kuma wadda take son mijinta ya shiga ɗakin ya ji bayanin da kunnensa ba a hana ta.

Gwajin bakin mahaifa tsarinsa daban ne, domin ba mace ce take nema ba, ita ake nema. Tun 1988 Ingila take gayyatar mata da wasiƙa, kuma a yau duk macen da ta yi rajista da likitan iyali, daga shekara 25 zuwa 64, gayyata tana zuwar mata, ta manhajar NHS ko saƙon waya ko wasiƙa. Wannan ne ya sa sabunta adireshi a asibiti yake da muhimmanci ga ɗalibai masu yawan sauya gida. A da mata masu shekara 25 zuwa 49 duk shekara 3 ake kiransu, amma daga watan Yulin 2025 an mayar da shi shekara 5 ga wadda ba a samu ƙwayar cutar HPV a jikinta ba. Dalilin sauyin shi ne tun ƙarshen 2019 abin da ake fara nema a samfurin shi ne ita wannan ƙwayar cuta, wadda take haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, kuma nau'o'inta biyu kawai, 16 da 18, su ne ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Wadda ba ta ɗauke da ita haɗarinta a shekaru biyar masu zuwa ƙanƙani ne ƙwarai. Na ji mata suna cewa an yi sauyin ne don tsimin kuɗi, amma Sukotland da Wales sun riga Ingila yin hakan da shekaru, bisa hujja ɗaya.

A wannan asibiti nas mace ce take yin gwajin, a ɗaki mai kulle da labule, kuma tana ba da mayafin takarda a rufe jiki. Ba a cire kaya duka. Wadda ta sa doguwar riga ko zani ɗagewa kawai za ta yi. Ana sa wata 'yar roba mai kama da bakin agwagwa don a ga bakin mahaifa, a shafo shi da ɗan burushi mai laushi, kuma duka aikin bai kai minti biyar ba. Ba shi da daɗi, amma ga yawancin mata bai kai a kira shi ciwo ba. Ana iya neman ƙaramar roba, ko mace ta sa da kanta, ko ta kwanta a gefe, ko ta zo da 'yar rakiya, kuma wannan nas ta lissafa mini waɗannan zaɓuɓɓuka tun ban tambaya ba, abin da na ƙirga mata a cikin manyan alherinta. Ba a yin gwajin lokacin al'ada, mai jego kuma sai ta cika mako 12. Ta tambaye ni ko an taɓa yi mini kaciya ko wani yanka a gaba, tambayar da suke yi wa matan da suka fito daga ƙasashen da aka san al'adar, kuma ta yi ta cikin ladabi, tana mai bayyana cewa amsar za ta taimaka mata ta san yadda za ta yi aikin ba tare da ta ji mini ciwo ba. Budurwar da ba ta taɓa kusantar namiji ba ita ma gayyata za ta zo mata, amma haɗarinta kaɗan ne, kuma tana da damar tattaunawa da nas ta yanke wa kanta hukunci.

Sakamako yakan zo cikin 'yan makonni, kuma iri uku ne. Idan babu HPV, sai gayyata ta gaba. Idan akwai ta amma ƙwayoyin halittar bakin mahaifa lafiya suke, za a sake kira bayan shekara guda, domin jiki yakan kawar da ita da kansa, galibi cikin shekara biyu. Idan akwai ta kuma an ga sauyi, sai a tura mace babban asibiti a duba wurin da madubi mai ƙara girma, a cire abin da ya sauya tun bai zama sankara ba. A nan akwai abin da wasiƙar take faɗa a taƙaice, wanda ya kamata asibitin ya riƙa faɗa da baki tun kafin a yi gwajin. HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, amma mafi yawan mutane suna gamuwa da ita a rayuwarsu, kuma tana iya kwanciya a jiki shekara da shekaru ba alama. Samunta ba hujja ba ce cewa wani ya ci amanar wani, kuma ita daban ce da HIV, haruffansu ne suka yi kama. Wasiƙa irin wannan, idan ta faɗa hannun ma'auratan da ba a yi musu bayani ba, tana iya tayar da fitinar da ta fi cutar kanta.

Kusan mace ɗaya cikin uku a Ingila ba ta amsa gayyatar a kan lokaci, alhali a Najeriya, inda babu irin wannan tsarin kira, ƙididdigar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 sun kamu da sankarar bakin mahaifa, kusan 8,000 kuma sun rasu. Rigakafin HPV, wanda Birtaniya ta fara yi wa 'yan mata a 2008, Najeriya kuma a watan Oktoban 2023, a makaranta ake yin sa a Ingila ba a wurin likitan iyali ba, sai dai asibitin yana yi wa waɗanda suka rasa shi kafin su cika shekara 25. Wadda aka yi wa rigakafin ma ana son ta riƙa zuwa gwaji. Haka kuma gwajin ba ya duba ƙwan mace ko cikin mahaifa, don haka wadda take ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada ba tare da dalilin da aka sani ba, ko bayan al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, likita za ta nema nan take, kada ta zauna jiran gayyata.

Game da harshe, asibitin yana samar da tafinta ta waya kyauta idan an nema tun lokacin karɓar ranar zuwa, har da na Hausa, amma babu tabbacin mace za a samu sai an faɗa, kuma takardun bayanin da ke ɗakin jira akwai na Urdu da Larabci da Somaliyanci, babu na Hausa. Ba na ba da shawarar a tafi da ɗa ko 'ya su yi tafinta a irin wannan zance. Sai kuma wani ƙaramin abu da yake da sauƙin mantawa: asibitin yana tuna wa mace gwajin bakin mahaifa, amma bai yi mini alkawarin tuna mini ranar da wa'adin roba zai cika ba. Kati kawai suka ba ni mai ɗauke da sunan robar da ranar da aka sa ta da shekarar da za a cire, kuma likitar ta ce in adana shi tare da fasfo, domin idan na koma gida ko na sauya gari shi ne abin da ma'aikaciyar lafiya ta gaba za ta fara tambaya.